Ranar da Aka Ce Mama Milka Ta Tafi Jos

Akwai ƙaryar mugunta, akwai ƙaryar tausayi, kuma ta biyun ta fi saurin cin mai ita, don shi kansa ba ya kiranta ƙarya. Ita ce wadda babba kan yi wa yaro, ya ce wai zuciyarsa ƙarama ce, ba za ta ɗauka ba. Ita ta ci Dattijo Patrick Kumai na unguwarmu ta bayan layin dogo a Kafanchan, mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba.

"Ga Anti Walfeya! Ga Anti Walfeya!"

Yara shida suka kwasa da gudu suka yi ƙofar gida, saura kaɗan su ture Dattijo Patrick da ke tsaye da sabuwar hularsa. Faustina ba ta gama sauka daga kan acaɓa ba, wannan ya ƙwace jakarta, wancan ya riƙe mata hannu. Ma'aikaciyar ofishin kula da walwalar yara ce, kuma ofishinsu ne ya ba Mama Milka riƙon marayun nan tun lokacin da rikici ya ci ƙauyukansu.

"Ku bar ta ta sha iska mana, 'yan nema!" Mama Milka ta ƙwala daga taga. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi na yi mata gardama, amma muryar tana nan. "Godspower, nuna mata zomayenka! Jacinta, ki yi mata waƙar nan ta ranar Lahadi!"

Kowa ya san abin da ya kawo Faustina. Likita ya riga ya ce kwanakin Milka sun ƙarato. Aikin Faustina shi ne ta zauna da kowane yaro, ta gano abin da ke cin ransa da kuma inda ƙarfinsa yake, sannan ta faɗa wa ofis hannun wa ya dace a saka su. Patrick ƙanen Milka ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Abuja da Legas, ba ya jin muryarsu sai a waya. Yaran nan da ke kiransa Kaka su ne hasken gidansa. Yana so a ba shi su, so na haƙiƙa, ba don komai ba.

Faustina ta shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba, ta fito da takardu da fensir masu kala. Patrick ya laɓe a bakin madafa yana kallo, zuciyarsa fari ƙal. Godspower, wanda ya zo gidan bakinsa a ɗinke, ko sunansa ba ya faɗa, ga shi yau yana zuba kamar kanya, yana bayanin wace zomanya ce mai ciki, wane ne ɓarawon ganyen dankali. Jacinta kuwa, yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, da ta buɗe baki sai da mai sayar da gawayi ya tsaya a waje yana saurare.

Da aka gama, Faustina ta shiga ɗakin Milka, ta ce Baba Patrick ma ya shigo.

"Mama, kin yi aiki. Godspower yana bukatar a bar shi da dabbobinsa, su suka buɗe masa baki. Kada a raba yaran nan, junansu ne maganinsu. Amma Jacinta ce ta tsaya mini a rai. Ita ke lallashin ƙananan, ita ke sa su dariya, amma na ce ta zana gida, sai ta zana tashar mota. Ta ce kullum in an tashi makaranta takan biya ta can, ko mamanta ta dawo daga sayar da citta a garin Kasuwan Magani." Ta dubi Patrick. "Baba, uwar yarinyar nan ta rasu tun a rikicin. Wa ya ce mata sayar da citta ta tafi?"

"Ni ne," in ji Patrick, ya gyara zama. "Ni na ɗauko ta daga sansanin gudun hijira, tana kuka kamar ranta zai fita. Da na faɗa mata haka sai ta yi shiru, ta ci abinci. Haka iyayenmu suka yi mana. Ba a gaya wa yaro mutuwa, da kansa yake girma ya gane."

"Ba ta gane ba, Baba. Jira take yi. Yaron da ke jira ba ya barci, ba ya kuka, ba ya warkewa. Tana bukatar gaskiya, a hankali, daga bakin wanda ta yarda da shi. Ni zan zauna kusa da ku. Tana da ƙarfin ɗauka, na gani."

"'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Baba."

"Na sha gaya masa," Milka ta ce. "Kansa kamar dutsen Kagoro. Patrick, dube ni nan. In na mutu, ka ce musu na mutu. Da bakinka. Kada ka tura ni kasuwar kowa, ban da abin sayarwa."

Suka yi dariya, har da shi. Ya ce, "To, Yaya." Amma "to" ɗin baki ne, bai sauka ciki ba.

Ranar da Milka za ta rasu, ta tashi da wani irin ƙarfi. Bayan yara sun tafi makaranta ta aika a kira aminiyarta Mama Emilia, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta ce paten acca take so, mai yakuwa da yawa. Ta cinye kwano guda tas, ta lashe cokali.

"Emilia, ranar bikina ban son waƙar jan jiki. Ku buga tulu har ƙasa ta girgiza. Wadda ta yi mini kukan munafunci, zan tashi in mare ta!"

"Ke dai ci patenki, bakinki ya fi jikinki lafiya."

Ta ce a buɗe taga ta ga kejin zomaye. Aka buɗe. Ta jingina da kafaɗar Emilia, tana kaɗa yatsa a kan gwiwa kamar mai bin kiɗa. Can yatsan ya tsaya.

Patrick bai tsaya kuka ba. Agogo ya duba. Kafin a tashi makaranta ya samo mota, an kai gawa mutuware, an canja zanen gado, an share ɗaki. Ya bi maƙwabta gida gida yana roƙo kowa ya kama bakinsa, masu gaisuwa kuma ya ce su same shi a coci.

"Patrick, wannan abin ba zai haifi ɗa mai ido ba," Emilia ta ce masa.

"Ni ne namiji a gidan nan."

Da yara suka dawo, ya tare su da murmushi. "Mama ta tafi Jos wurin babban likita. In ta warke za ta dawo."

Kai, zo ka ga murna! Jos! Babban likita! Suka yi ta tsalle. Nan take Jacinta ta raba aiki. Za a yi wa Mama tarba irin wadda ba a taɓa yi a unguwar ba. Suka wanke labule, suka goge taga, suka jera duwatsu tun daga ƙofa har bakin ɗakinta suka shafa musu farar ƙasa. Godspower ya ce in zomanya ta haihu, Mama ce za ta raɗa wa 'ya'yan suna. Kullum da yamma sai gwajin waƙa, gidan ya ɗauka kamar ana gobe Kirsimeti. Patrick yana jin su ta katanga, yana ce wa kansa, ka gani ko, da na faɗa musu da yanzu kuka suke yi. Da Faustina ta bugo waya ta yi masa gaisuwa, ta tambaya ko ya gaya wa yaran, ya ce, "An gama da wannan." Ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja ƙanwarta.

Shi ne shugaban kwamitin jana'iza, kuma ya ƙudura sai an yi wa yayarsa biki na gani na faɗa: saniya, makaɗa, kujeru. Dabararsa ita ce ranar Alhamis, ranar jana'izar, da sassafe ya kwashe yaran ya kai su wurin wata 'yar'uwa a Samaru Kataf, sai an share wuri su dawo. Abin da bai lissafa ba shi ne Meshak mai hayar rumfa yana da aikin wani aure a Madakiya ranar Alhamis ɗin, don haka ya ga gara ya kafa ta Milka tun ranar Laraba.

Patrick yana dawowa daga wurin Fasto ya hango mota a ƙofar gida, ana sauke ƙarafa. Yaran suna ta rawa a tsakar gida, suna ihu, "Mama za ta dawo! Kaka ya yi mana hayar kanofi!" Ya ɗaga ƙafa, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Amma rana ba ta ƙarya. Yana sa kai a ƙofa ya ji Meshak yana tambayar Jacinta, don ita ce babba a wurin:

"Ke, small madam, a ina ne za a sa akwatin gawan Mama? Mu kafa ƙaramin kanofi a wurin."

Rawa ta tsaya. Ƙarfe ɗaya ya suɓuce ya faɗi, ƙararsa ta daɗe tana yawo a gidan.

Emilia ce ta buga wa Faustina waya. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta iso. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta jawo yaran jikinta.

"Mama Milka ta mutu. Ciwon ya fi ƙarfin jikinta. Ba laifin kowa ba ne a cikinku. Ba za ta dawo ba. Wanda ke son kuka ya yi, wanda ke da tambaya ya yi, ina nan."

Ƙananan suka fashe da kuka. Jacinta ba ta yi ba. Ta miƙe, ta zo gaban Patrick, ta ɗaga kai.

"Kaka, mamana fa? Irin wannan tafiyan ne ta yi?"

"Baba," Faustina ta ce a hankali, "kai ta tambaya."

Ga ƙofa a buɗe, Ubangiji ya ba shi dama ta ƙarshe. Ya dubi idanun yarinyar, ya tuna kukan sansani. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma ya bari.

"Hanyar ce ba kyau, Jacinta. Tana nan zuwa."

Yarinyar ta dube shi. Sannan ta juya wurin Emilia.

"Mama Emilia, ke ki faɗa mini."

Emilia ta durƙusa, ta kama hannayenta biyu. "Ta mutu, 'yata. Tun ranar da aka ƙone ƙauyenku. Sunanta Joanna, an binne ta kusa da cocinku, kuma na san wurin. In kina so, zan kai ki."

Sai a lokacin kukan ya zo, kukan shekaru, har da shessheƙa da birgima. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Da ta gaji ta yi barci a cinyar Emilia da rana tsaka, barcin da Faustina ta ce ba ta taɓa jin an ce yarinyar ta yi irinsa ba.

Ba a kai kowa Samaru Kataf ba. Ranar jana'iza unguwa ta cika ta batse. Matan Zumunta suka fito da ankonsu, tulu na gurnani, kacau-kacau na amsawa, ƙura ta tashi har kan rumfa. Tsofaffin da suka zo da sanda suka manta da ita. Can sai Jacinta ta kutsa tsakiyar fili, idanu a kumbure, ta karɓi makirfo daga hannun mai ba da waƙa.

"Milka ta gama aiki, ta sauke kaya!"

Mata suka amsa kamar aradu.

"Joanna ta gama aiki, ta sauke kaya!"

Waɗanda suka san ko wace ce Joanna suka yi guɗa suna hawaye. Godspower yana gefe yana buga gwangwani, ƙananan suna biye da ita a layi. Ƙasa kuwa ta girgiza.

Bayan an share makoki, Faustina ta kai wa ofis bayaninta, ta kuma zo da kanta ta faɗa wa Patrick, don ba ta son ya ji a bakin wani. Yaran za su zauna tare a gidan Milka, Mama Emilia za ta tare da su, Jacinta za ta riƙa ganin mai ba da shawara a asibiti, kuma an sa ta a ƙungiyar mawaƙan coci.

"Ba a hana ka zuwa ba, Baba. Na san kana son su. Amma yaran da suka rasa kowa, abin da ya rage musu shi ne bakin da za su yarda da shi."

To, ga abin da ƙaryar tausayi ta ci wa Dattijo Patrick Kumai. Ta ci masa riƙon yara shida da ya kwana yana roƙon Allah a kansu. Ta ci masa alkawarin da ya yi wa yayarsa a kan gadon mutuwarta, wanda ba shi da sauran wurin cikawa. Ta ci masa tafiyar da aka yi zuwa kabarin Joanna, don Jacinta ta ce ban da shi. Sannan ta ci masa nauyin maganarsa, wanda ya fi sauran duka tsada.

Rannan da yamma yana tsaye a jikin katanga, ya hango hadari ya haɗo daga gabas. Kayan makarantar yaran suna kan igiya.

"Godspower! Ruwa na zuwa, ku kwashe shanya!"

Yaron ya ajiye ganyen da ke hannunsa. Bai nufi igiya ba. Ya fito tsakiyar gida, ya kare ido da tafin hannu, ya ɗaga kai yana duban sama da kansa.