Birkin da Ya Ja Ayarin Neman Aure

Makonni Muhannad ya shafe yana tunanin takalmin birki, irin tunanin da sa'o'insa na jami'a ke yi wa aure ko barin ƙasa. Mota ɗaya mahaifinsu ya rasu ya bar musu, ita ke kai Umma asibiti da kasuwa a tsaunukan Amman, ita ce kuma yake shiga tsere da ita ranar Juma'a da safe, a wani filin ajiye motoci na bayan gari inda ake jera robobi masu tsini, kowace mota ta shiga ita kaɗai ta zagaye su agogo na ƙirga mata. Umma ta yarda da wannan hauka ne bisa sharaɗi guda, tun ranar da salansar da ya sauya ta tashi unguwa daga barcin rana: duk ranar da motar ta sake kunyata ta a gaban mutane, hannunsa ya rabu da makulli ke nan.

Ranar Alhamis ɗin nan kuwa ta mutane ce. Bayan la'asar Umma da mazan dangi za su tafi garin Salt nema wa yayansa Gassan aure, kuma shi aka ɗora wa ɗauko Baffa Abu Gais, yayan mahaifinsu, wanda zai yi magana da yawun dangi. Gobe da safe kuma tsere. Sai ga shi tun hantsi yana tsugune a garejin Abu Rakan, kwalayen takalmin birki uku a gabansa, zuciyarsa na tsalle kamar ta yaro ranar sallah.

"Ɗauki wannan, injiniya," in ji bakaniken, yana buga baƙin kwali da ɗan yatsa. "Shi ne na maza. Ka taka shi idonka ya riga ka fita ta gilashi."

"Sai ya yi zafi yake kamawa, Baba. Tserenmu kuwa kafin ya ɗumama an gama. In gangaro da Umma daga unguwarmu da sanyin safiya birki bai farka ba?"

"To ɗauki na tsofaffi, mai laushi kamar burodi."

"Wannan ina matsa masa zai saki."

"Kai, wadda za ta aure ka ta shiga uku! Kafin ka zaɓi zobe ta yi jikoki."

Na tsakiya ya zaɓa, wanda ke cizo tun yana sanyi kuma yake jure ɗan zafi. Ya san tun a gida shi zai ɗauka, sai dai Muhannad mutum ne da ba ya jin daɗin hukunci sai ya wahala a kansa. Kafin a sha shayi, a kwance tayoyi, a ɗaura, rana ta karkata. Saura abu ɗaya, wanda su biyun suka sani: sabon takalmi sai an zaunar da shi a kan faifan ƙarfen da yake matsewa a cikin taya, in ba haka ba kuka zai yi ta yi. A ɗauki gudu, a taka da ƙarfi, a saki kafin mota ta tsaya, a yi ta maimaitawa har ya yi zafi, sannan a yi tafiya a hankali ya huce. In aka tsaya cak yana da zafin, sai ya bar tabo a faifan, rawa da kuka su zauna daram.

Yana shirin fita neman titin da ba kowa wayarsa ta yi ƙara.

"Kana ina, ɗan nan?" Muryar Umma ce. "Baffanka ya yafa alkyabba yana tsaye a ƙofa kamar mai jiran bas!"

A ƙofar gidan Baffa birkin ya fara gabatar da kansa. Wani siririn ihu ya yi, mai tsawo, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin tulu. Dattijon ya shigo da ƙyar, ya gyara jan mayafin kansa da baƙar igiyar da ke riƙe da shi, ya ajiye sanda tsakanin gwiwoyi. Motocin dangi suka jeru a baya, ta farko ɗauke da Umma da ango da farantan kunafa, kayan zaƙin biki mai jiƙe da zuma. Motar babba ita ce a gaba, ba mai wuce ta, ba mai tambayar inda ta nufa.

Kowace danja ihu, kowace gangara ihu. Muhannad ya fara hango abin da ke jiransa: gidan surukan a gindin gangara yake, mazansu za su jeru a ƙofa cikin shiru da mutunci, shi kuma ya iso da wannan kukan a gaban ayari. Ya hango tafin hannun Umma a buɗe. Ya hango Juma'a ba shi a fili.

"Motar ƙanina ce ke kuka haka, ko kai ne?" in ji Baffa bayan sun fita daga gari.

Muhannad ya zayyana masa komai, har da maganin. Ya yi tsammanin faɗa. Dattijon ya shafa gashin baki.

"Watau ni zan sauka a gaban mutanen Salt da wannan guɗa ta jaki? Ni da zan ajiye musu kofin gahawa in ƙi sha sai sun ba mu 'yarsu? Ina! Nemi hanya, ka yi abin da za ka yi."

"Baffa, akwai girgiza fa."

"An girgiza ni tun uwarka ba ta san tuwo ba. Taka!"

Can gaba akwai wata hanyar gonakin zaitun, miƙaƙƙiya, fayau ba kowa. Muhannad ya karya kwana ya shiga, ya ba ta wuta, sannan ya danna birki. Motar ta durƙusa da hanci, igiyar kan Baffa ta gangaro ta zauna masa a kan ido, sandar ta tafi ta gaida gaban mota. Muhannad ya saki, ya juyo a tsorace. Sai ya ga kafaɗun dattijon na rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti don yawanta.

"Ƙara! Wallahi ƙara, ɗan banza!"

Ya ƙara. Ihun birkin ya ragu ya koma gurnani. Ya sake ƙarawa, wani farin ciki mara dalili ya taso masa daga ciki, shi da ya saba auna kowace dariya kafin ya yi ta. Su biyu suka dinga ihu tare, Baffa na dukan cinyarsa yana kiran sunan marigayi ƙaninsa, wai ya zo ya ga abin da ya haifa.

Sai a lokacin Muhannad ya dubi madubi. Ayarin nan kaf yana biye da su. Ba wanda ya tsaya a babban titi, domin inda motar babba ta bi nan ake bi. In ya ruga su ruga, in ya taka su taka, motoci a jere suna sunkuyawa suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu gaida sarki. Wayarsa ta hau ruri. Baffa ya ɗauka ya kai kunne.

"Kai, Muhannad, ka haukace ne?" Muryar Gassan har waje. "Kunafa ta hau cinyar Umma!"

"Ni ne, ango," in ji Baffa, yana share hawaye. "Riƙe farantinka da kyau, ka biyo manya."

Suka koma babban titi birki na ƙauri, shiru kamar ba shi ba. Sai dai Salt ta fi kusa fiye da yadda Muhannad ya zata, ga gangara ta sake ɗumama takalmin. Da suka hango ƙofar gidan, mazan a jere cikin fararen riguna, uban yarinya a tsakiya ya riga ya ɗaga hannu, zafin na nan yana tashi daga tayoyi.

"Baffa, in na tsaya yanzu aikin ya lalace."

"To wa ya ce ka tsaya? Zagaya."

Suka wuce ƙofar a hankali. Baffa ya sauke gilashi ya ɗora hannu a ƙirji yana gaida masu gida, su kuma suka bi shi da ido baki buɗe, suka bi motar ango, suka bi sauran har ta ƙarshe. Ayarin ya zaga unguwa ya sake ɓullowa, ya sake wucewa. Yara suka fara tafi daga saman katanga. Muhannad ya ciji leɓe don kada dariya ta kashe shi. A zagayen da ya biyo baya ya taka a hankali, motar ta tsaya ba ko tari.

"Lafiya dai, Abu Gais?" in ji uban yarinya yana rungume shi.

"Lafiya lau. Gidan da za mu nemi irin wannan 'ya, ai ba a faɗo masa kai tsaye."

Maganar ta yi wa mutanen Salt daɗi. Aka zauna, aka ajiye gahawa, aka nema, aka bayar, aka sha, aka karanta Fatiha. Kunafar da ta tsira ta zaga.

Da aka fito, Umma na tsaye jikin motar, tabon zuma shimfiɗe a gaban rigarta ta biki. Hannu kawai ta miƙo. Muhannad ya sa mata makullin a tafi.

"Ummu Gassan," in ji Baffa daga bayansu, "ni na ba da umarni. In laifi ne, nawa ne."

"Na sani, Yaya. Na ji muryarka a waya." Ta dubi makullin, ta dubi ɗanta, sannan ta danƙa shi a hannun dattijon. "Na ce zai rabu da shi, ya kuwa rabu. Tunda kun zama abokai, kai ka riƙe."

Baffa, wanda bai taɓa tuƙa ko keke ba, ya jefa makullin a aljihun alkyabba, ya kama hannun Muhannad ya ja shi gefe.

"Wannan wasan naku na gobe," ya ce ƙasa-ƙasa, "ana barin mutum ya zauna a gefen direba?"

"Ana bari, Baffa, amma sai da hular kwano."

"To nemo babba. Kaina ba ƙarami ba ne."