Asabar ta Gida, Lahadi ta Jiki

…kuma famfon ma ya daina ɗiga. To wa ya ce masa ya daina? Ran Alhamis da zai fita aiki da kunnensa ya ji shi, ɗis… ɗis… cikin bokiti, har ya ce masa a zuci, jira ni, Asabar na tafe. Ga Asabar ta zo. Yana tsaye bakin banɗaki, hannu goye a baya, yana kallon famfo a bushe ƙayau. Famfo dai ba ya warkewa da kansa. Shekara da shekaru yana gyara, bai taɓa ganin robar da ta cinye ta sāke tsirowa ba.

Injiniya ake ce masa, a unguwa da kamfani duka, har matarsa ta ɗauka. Litinin zuwa Juma'a na kamfani ne, wayoyin wutarsu da injinansu. Sauran kwana biyun kuwa tun yana ango ya raba su, bai taɓa yarda sun haɗu ba — Asabar ta gida, Lahadi ta jiki. Asabar da safe ya buɗe akwatin kayan aiki, ya bi gidan ɗaki-ɗaki: ƙofa mai kuka, fanka mai rawa, ƙwan da ya mutu. Lahadi ya miƙe ƙafa, ya sha barcin rana har ya gode Allah. Abokan aikinsa wasu su ƙare kwana biyun a kwance su dawo Litinin da ciwon baya, wasu su bi aikin gefe su dawo kamar an yi musu duka. Shi kaɗai ya gano bakin zaren, kuma yana alfahari da haka, ba ya ɓoyewa.

Yanzu an zo za a koya masa hutu. Shi!

"Baba, ai jiki ma yana da hakki. Ka haɗa da Asabar ɗin mana." Malama ke nan, 'yarsa ta fari, da muryar da take lallashin 'yan aji. Kowace Juma'a da yamma take zuwa da 'yarta, tunda mijin yana aiki a wani gari, su kwana biyu a ɗakin baya. Wai ta karanta a waya cewa mai yawan aiki… A waya! Yarinyar da ya koya wa riƙe cokali. Ita dai a ce ƙuruciya. To uwarta fa? Matar da tun daren Juma'a take jera masa matattun kaya a bakin ƙofa, dutsen guga, tocila, rediyo, don ya yi tuntuɓe da su da safe — ita ce yau ke gyara masa matashin kai? "Kwanta mana, Injiniya, gidan ba guduwa zai yi ba." Ruwa ba ya tsami banza.

Ina akwatina? Yana sito. Mukullin fa? Yana wajen Malama. Malama, mukulli? Au, Baba, na baro shi a makaranta. Wancan mako a makaranta. Wannan makon ma a makaranta. Mukullin nan ya kusa gama firamare.

Sun fita kasuwa yanzu, su uku. Sun bar shi da shayi a gefen gado, da rediyo, da labule a sake, kamar mai jego. Ya ji rufe ƙofar gida, ya ƙirga a ransa har suka sha kwana, sannan ya sauko. A gidansa! Yana sanɗa a gidan da ya ja wa waya da hannunsa…

Ko ciwo ne? Likitan nan na watan jiya, mai sanyin hannu. Bi yatsana da ido, Baba. Miƙe hannunka, buɗe yatsu, tsaya haka. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce hawan jini ne kawai da gajiya. Sannan Malama ta ce, Baba jira ni a mota, na manta jakata. Jaka ce ake ɗauka har mutum ya gaji da zama? Me ya gaya mata? In mutuwa ce a faɗa masa mana, ai ba a kansa aka fara ba. Amma a'a… wanda aka ce zai mutu ba akwatin aikinsa ake ɓoyewa ba, 'yan'uwa ake kira. Ba wanda ya zo. Ƙaninsa ma ko waya.

To Dogo ne. Lallai Dogo ne. Yaronsa na dā, wanda yanzu ya buɗe shagonsa a bakin titi, har da allo mai fitila. Shekaranjiya sun haɗu, ya durƙusa har ƙasa — "Oga, ya ƙarfin jiki?" Wane jiki? Wa ya ce masa jikin ya yi wani abu? Kuma bai kalli idonsa ba. Dogon da ya zo masa bai san jar waya da baƙa ba, shi ake kira yanzu in ya fita aiki, ya shigo da dogayen ƙafafunsa, ya taɓa famfonsa. A ba shi ruwa ma, wataƙila a kofinsa.

Kamfani ma haka suka yi. Manaja ya kira shi ofis, har da miƙa masa kujera. Injiniya, ka yi mana hidima, daga yau kai ne mai kula da sito, ƙarin girma ne, bar wa yara hawa tsani. Ya yi godiya, ya fito yana murmushi, ya zauna cikin kwalaye yana miƙa wa yara salatif. Ƙarin girma… Su ma da wa suka yi magana? Ko duk bakinsu ɗaya?

Falo. Yana tsaye gaban makunnin fanka. Wannan ai shi ya gyara, Asabar ɗin da ta wuce ta sama, lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai kawo Dogo nan. Ya gyara zaman tabarau. Ya matso.

Notin a kwance yake.

Shi duk notin da ya ɗaura, tsagar kansa a tsaye yake barinta, sama da ƙasa, kamar soja. Haka maigidansa ya koya masa da ranƙwashi: aikin da ba a gani ma a yi shi da kyau, balle wanda ake gani. Ko cikin duhu ya shafa makunni ya san nasa. Wannan kuwa ɗaya a kwance, ɗaya a karkace, an ɗaura an tafi. Kicin… soket ɗin firji, shi ya canza shi — a karkace. Makunnin baranda, a karkace. Ɗakinsa, gefen gadonsa, inda yake kwana kullum — a karkace!

Ashe ba abin da ya lalace kaɗai ake gyarawa ba. Abin da ya gyara ake bi ana buɗewa. Ana duba aikinsa. Ana bin bayansa kamar yaron da aka aika wanke kwano. Ransa ya ɓaci. Dogo ne zai duba aikinsa? Bari su dawo. Yau za a yi ta ta ƙare, zai zaunar da uwar da 'yar, ya tambaye su wane ne maigida a gidan nan, in kuma an canza ne a gaya masa ya…

Ɗakin baya a rufe yake.

Me ya sa ma Amarya ta daina kwana a nan? Jikar tasa, 'yar Malama, mai haƙoran gaba biyu a cire, wadda ke ce masa angona tana hawa wuyansa tana ƙwace masa hula. Makon jiya a ɗakin kakarta ta kwana, jiya ma haka. Wai zafi. Wane zafi? Ba don zafin ba ne ya sa mata sabon soket dab da gadonta, ya kawo ƙaramar fanka? Tana zaune a kan katifa tana lilo da ƙafa, tana riƙe masa noti a tafin hannu. Angona, in ka gama za ka saya min alawa? Sai kin biya kuɗin aiki, Amarya. Ai ni matarka ce, ba a karɓar kuɗin mata…

Ya tura ƙofa. An juya gadon, ya koma wancan bango. Labulen ba shi ba ne, wancan mai furanni ne, wannan shuɗi. Kabad kuma an jawo shi daga lungunsa an tsayar da shi daidai inda… Wa ke ajiye kabad a nan, ya tare rabin taga? Matarsa da ko kujera ka gusar sai ta mayar?

Ya sa kafaɗa. Nauyi. Ya ja numfashi ya ƙara turawa, katako na kuka a kan siminti, bayansa na amsawa. Kaɗan… kaɗan…

Fenti sabo, faɗin tabarmar salla, daga soket zuwa sama. An yi ƙoƙari, amma farin bai zama ɗaya da na bangon ba. Soket ɗin ma ba wanda ya sayo ba ne.

Bar shi. Mayar da kabad, koma ka kwanta, sha shayinka. Wa ya aike ka? Amma hannunsa ya riga ya shiga aljihun riga. Sun kulle akwati, sun manta da 'yar testa, ƙaramar sukudireban gwada wuta da ba ta rabuwa da aljihunsa, ko gidan biki. Ya fita ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya dawo, ya durƙusa. Gwiwa ta yi ƙara. Noti na farko. Na biyu. Ya ajiye su kan siminti, ya janyo murfin.

Baƙi. Cikin ramin baƙi ƙirin, fenti bai kai nan ba. Warin ma yana nan, ya maƙale, warin robar da ta narke — ya san shi, ya sha shiga ɗakunan da wuta ta cinye, ya sha tsayawa a kan yara yana faɗa, wane sakarai ne ya yi wannan aikin? An yanke wayoyin an ja sababbi, aiki mai tsabta, ba laifi, Dogo ya iya. Amma can ciki an bar guntun tsohuwar jar waya, bakinta ya dunƙule ya yi gawayi. Ba ta ɗauru ba. Waya in ba ta ɗauru ba sai ta yi ta zafi a hankali, ba ta ƙara, ba ta gargaɗi, tana jiran labule.

Ya ɗaure ta. Ai ya ɗaure ta. Kullum in ya ɗaure sai ya ja ta ya ji ta kama, wannan ko a mafarki… Ya ja? Ya tuna baƙar, ya ja baƙar. Jar fa? Amarya na magana, notin ya zame, ya sāke kamawa, hannun nan na dama yana 'yar rawarsa da ya ce wa kansa yunwa ce… sannan murfi. Tsakanin noti da murfi babu komai. Yana lalube a kansa, wajen fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Lahadin, washegarin da ya sa soket ɗin. Ya tashi daga barcin rana ya tarar da tagogi duk a buɗe, an fesa turare har yana shaƙe mutum. Idon matarsa jawur, ta ce albasa. Malama ba ta nan, ta kai yarinya gidan ƙawarta, sai bayan magariba suka dawo, Amarya da farin bandeji daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ruwan shayi ne, Baba, ta jawo kofi. Shi kuma har da faɗa — ku dinga kula da yarinya mana, wane irin sakaci ne wannan! Ya faɗa. Da bakinsa ya faɗa, Malama ta sunkuyar da kai ta ce to, Baba. Da ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar ta kalli kakarta tukuna. "Kaka ta ce kar in…" Aka toshe mata baki da biskit.

Yana ɗaki na biyu. Bango ɗaya tsakaninsu. Tana barcin rana a nan, fankarsa na kaɗa mata, shi yana can yana nasa, kuma ba wanda ya buga masa ƙofa. Yaya za su buga? Shekara nawa yana faɗa, yana dariya, yara na dariya — ran Lahadi ko gidan nan ke cin wuta kada wanda ya tashe ni. Mata biyu suka kashe wutar, da me? Bargo? Ruwa? Wa ya tuna ya kashe babban makunni? Malama… tana ƙarama ya ɗaga ta ya nuna mata shi. Suka share, suka wanke, suka canza labule, suka zuba masa abinci. Ya ci. Har ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Tsoro ne ya kama shi yanzu, ba fushi ba, tsoro da kunyar da bai san inda zai ajiye ta ba. Gidaje nawa ya taɓa a bana? Gidan maƙwabci, shagon mai ɗinki, ɗakin gwauruwar nan ta ƙarshen layi da ya ƙi karɓar ko sisinta… Su kuma, wa zai duba musu? Dogo ya sani? Ko a can ma akwai wata jar waya tana zafi a hankali, yanzu haka, bayan wani labule?

Ƙarar ƙofar gida. Leda na ƙara, muryar matarsa ƙasa-ƙasa, a hankali, kar ku tashe shi. Sai ƙananan takalma a guje a tsakar gida.

"Angona! An ɗauke wuta! Angona, kana ina?"

Rufe. Rufe murfin, tura kabad, koma gado, ja bargo — sun sha wahala a kan ƙaryar nan, ko ba komai a bar musu ita. Ko kuwa ya zauna a nan su same shi? Ya ɗauki notin. Ga ramin, yana ganinsa sarai, ga notin a yatsunsa… ya kai, ya kauce. Ya kai, ya kauce. Ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya sāke kaiwa. Notin ya suɓuce, ya buga siminti, yana gangarawa, yana gangarawa, ya shige ƙarƙashin gado, takalman kuma sun iso bakin ƙofa…