Reshen da Ya Faɗo a Lambun Karasawa

Mijina Tokuji ya yi shekara talatin da takwas yana kula da itatuwan lambun Karasawa. Ni kuma na yi ashirin da biyu ina sayar da koren shayi da gasasshen dango, wato curin garin shinkafa a tsinke, a rumfar bakin ƙofa. Daga tsakiyar Tokyo tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, sai a ɗan taka zuwa gindin dutse. Yawancin shekara ba ma ganin kowa sai tsofaffin unguwa. Amma da Nuwamba ta raba, ganyen itatuwan momiji ya soma ja, sai birni ya kwararo mana, layi har kan gada.

Momiji ya fi ɗari a lambun, amma bishiya ɗaya ake zuwa gani. Tsohuwa muke ce mata. Tana da wani reshe da ya miƙe a kwance bisa hanyar tafki, tsawonsa ya kai na motar bas, da benci a ƙarƙashinsa. In ganyen ya nuna, wanda ya zauna a bencin har fuskarsa ja take yi. A nan kowa yake son a ɗauke shi hoto.

Ni da Tokuji ba mu haihu ba, kuma ba mu iya zaman shiru ba. Kullum cikin tsokanar juna muke.

"Maigida, kanka dai ya riga itatuwa zubar da ganye bana ma," nakan ce masa in ya cire hula.

"Ke ki ji da dangonki," ya ce. "Jiya wani ya ciza, sai da ya nemi likitan haƙori."

A watan Yuli na shekarar da nake ba da labari, zafi ya yi tsanani. Wata rana na kai masa abincin rana na same shi durƙushe a gindin Tsohuwa. Na yi masa magana bai ɗago ba. Da na matsa sai na ga wani gari, kamar wanda zarto ke zubarwa, ya taru a kan saiwa. Ya nuna mini wasu ƙananan ramuka a jikin ɓawon, a daidai inda babban reshen ya haɗu da uwar bishiyar.

"Tsutsa ce," ya ce. "Ta shiga ciki."

"Sai ka gaya wa ƙaramin maigida."

Ƙaramin maigida shi ne ɗan masu lambun, wanda ya karɓi ragama bayan rasuwar mahaifinsa. Tokuji ya dube ni kamar na zage shi.

"Kin manta itatuwa shida na bakin ƙofa? Ranar Litinin na faɗa masa tsutsa ta shige su, ranar Juma'a babu ko ɗaya a tsaye. Yanzu motocin 'yan yawon buɗe ido ke kwana a wurin. Biyu daga cikinsu da sun warke, Hatsue. Na san sun warke."

"Wannan ai Tsohuwa ce. Wa zai sare ta?"

"Wanda bai taɓa shuka ko albasa ba."

Ya ce shi zai yi mata magani. Ya san aikinsa, ban taɓa shakkar haka ba. Kullum da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, sai ya zura siririyar waya cikin ramukan ya zaƙulo tsutsa, fara sol, kaurin ɗan yatsa. Ya ɗura magani, ya toshe da yumɓu, ya shafa gansakuka a kai yadda ido ba zai gane ba. Sannan ya share garin tas. Wata rana ya kashe uku ya dawo gida yana murna. Bayan kwana biyu garin ya sake zubowa.

A watan Oktoba bayansa ya riƙe, ya kwana biyu bai iya miƙewa ba. Ni na je. Na tattara garin a cikin gyalena, na kawo rumfa na zuba a murhun gawayi, na gasa dango a kai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani, da hannuna na ɓoye.

Da Nuwamba ta kama, ganyen Tsohuwa ya riga na sauran juyawa, kuma jan da ya yi ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane suna ta yabo. Tokuji ya ce mini a hankali ba alamar lafiya ba ce, bishiyar da ke shan wuya ita ke saurin ja.

"To a kawar da bencin," na ce. "A ɗaura igiya a kewaye wurin."

"In na ɗaura igiya za a tambaye ni dalili."

"A sa mata tokara, ko gungume ɗaya ne."

"Shi ma za a tambaya. Sati uku ne kawai. Da an gama kallon ganye zan je da ƙafata in faɗa masa. Reshen nan ya ga guguwar da ta kwashe rufin tashar jirgi bai motsa ba. Sati uku ne zai gagare shi?"

Layi ya riga ya taru a rumfata, na koma bakin aiki.

Ranar hutu ce, ashirin da uku ga wata. An wuni ana ruwa a jajibirin, gari ya waye fes, da 'yar iska. Wajen ƙarfe sha ɗaya wani dattijo ya tsaya a rumfata da 'yarsa, budurwa mai gajeren gashi da jar jaka a kafaɗa. Daga baya na san sunansu: Miyasaka-san, tsohon direban bas, da Chizuru, ma'aikaciyar jinya, shekararta ashirin da shida.

"Tsinke uku, Uwar rumfa," in ji dattijon.

"Ɗaya," in ji 'yar.

"Kin ga abin da nake fama da shi? Na yi wahalar karatunta don ta yi jinyar mutane, ta dawo gida ta hana ni gishiri, ta hana ni sukari. Saura ta hana ni numfashi."

"Baba, in ka ci uku, da ƙafa za ka koma Tokyo."

Na ba shi ɗaya, na zaɓar masa mafi girma. Ya kashe mini ido, suka wuce suna dariya.

Ba a yi minti ashirin ba na ji ƙarar. Ba irin ƙarar da mutum zai zata ba ce. Wani ɗan "ƙas" ne, sai kuma wani dogon yagewa kamar ana keta sabon yadi, sai ƙasa ta girgiza. Tsuntsaye suka tashi. Kafin kowa ya yi ihu na san abin da ya faru. Na bar dango a wuta na ruga.

Miyasaka-san yana tsaye a bakin tafki inda 'yarsa ta ce ya tsaya don hoto, ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ce ta ja baya zuwa wajen bencin don ta samu tafkin duka a hoton. Mutum huɗu sun ji ƙananan raunuka. Ita kuwa reshen a gadon bayanta ya sauka. Jar jakar kawai nake hange a cikin ganye.

Maza suka taru suka kasa ɗaga shi. Tokuji ya iso da zarto, ya hau yanka. Zarton ya wuce da sauri fiye da yadda ya kamata, don cikin reshen duk rami ne, kamar saƙar zuma. Kowa ya gani. Da aka janye guntun, yarinyar idonta biyu. Ta ce da mutanen da suka miƙa hannu, "Kada ku motsa ni. Ku jira motar asibiti." Sannan ta ce, "Baba, ba na jin ƙafafuna." Da murya irin ta mai aiki ta faɗa, kamar wani majinyaci take ba da rahotonsa.

Tokuji bai jira an bincika ba. Da 'yan sanda suka zo ya kai su gindin bishiyar, ya ɓantare gansakukar da yumɓun da hannunsa, ya nuna musu ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa musu watan da ya fara gani. Ƙaramin maigida yana tsaye, fuskarsa ta yi fari, sai cewa yake, "Me ya sa, Tokuji-san? Kai ka goya ni a lambun nan. Me ya sa?"

Ɗan sandan ya tambaya ko akwai wanda ya sani ban da shi.

"Babu."

"Matarka fa? Ba nan take aiki ba?"

"Ita dango kawai ta sani."

Ɗan sandan ya juyo gare ni. Na buɗe baki na ce, "Ban sani ba." Ya rubuta, ya wuce.

Aka rufe lambun sauran kakar. A Disamba wasu ma'aikata daga birni suka zo da injin suka sare Tsohuwa cikin rabin yini. Likitan itatuwa ya ce da an sanar a Yuli, da reshen kawai za a cire, bishiyar ta rayu. Ni na karanta wannan a takardar kotu, na ɓoye ta. Amma a zaman kotun aka maimaita shi a gaban Tokuji. Aka yanke masa shekara biyu, aka jingine hukuncin saboda shekarunsa da kuma amsa laifin da ya yi. Ni ban koma rumfa ba.

Sau uku yana sa baƙar kwat ɗinsa, ya ɗauki kwalin alewa ya tafi asibiti, ana mayar da shi daga ƙofa. A na huɗu na raka shi. Miyasaka-san ya fito baranda, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tokuji ya durƙusa ya kafa goshinsa a ƙasa. Ya daɗe a haka. Masu jinya suna ratsewa ta gefensa.

"Tashi," in ji Miyasaka-san. "Kana tare wa mutane hanya."

Abin da ya faɗa ke nan, ya koma ciki.

Tun daga ranar Tokuji ya daina fita. Almakashinsa da zartunansa ya naɗe su a buhu ya ajiye wa masu kwasar shara. Tukwanen shuke-shuken da ke barandarmu suka bushe yana kallo. Na gwada tsokanarsa sau ɗaya ko biyu, ya dube ni kamar da wani yare na yi magana. Ban sake ba.

Da kaka ta zagayo, na kasa zama. Ko'ina a tashar jirgi hotunan jan ganye ne, talabijin kullum tana faɗin lambun da ya nuna da wanda ya saura. Na ɗauki adireshin Miyasaka a takardun kotu, na ce wa Tokuji kasuwa za ni. Sun tashi daga gidansu na da, wata maƙwabciya ta kwatanta mini sabon, a hawan ƙasa, inda keken guragu zai iya shiga. Na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe, da tawul a kafaɗa, hannunsa jiƙe da kumfa.

Bai gane ni ba sai da na faɗi sunana. Na sunkuya, na faɗa masa duka a tsaye a bakin ƙofa: cewa na sani tun Yuli, na kwashe garin da hannuna, na ce a ɗaura igiya da aka ƙi na yi shiru, kuma na yi wa ɗan sanda ƙarya. Na ce ranar da na miƙa masa dango na san inda za su je su tsaya.

Ya saurare ni har na gama. Ya goge hannunsa da tawul a hankali.

"To yanzu me kike so in yi da wannan?"

"Ban sani ba."

"In kai ki wurin 'yan sanda? Ta tashi ta yi tafiya?" Bai ɗaga murya ba. "Da ina da mutum ɗaya da nake kwana da shi a raina. Yanzu kin mayar da su biyu. Kin zo kin sauke kayanki a kaina, ke ki koma gida da sauƙi."

Daga can ciki na ji muryarta. "Baba, wane ne? Ruwan yana hucewa."

"Mai talla ce," ya ce. Ya rufe ƙofar, ba da ƙarfi ba.

Ban koma da sauƙi ba. Jirgin cike yake da masu dawowa daga kallon ganye, na tsaya a tsakaninsu har tasharmu. Na tarar da Tokuji inda na bar shi, abincin rana a gabansa bai taɓa ba. Na zauna na gaya masa inda na je da abin da na faɗa. Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da na ji daɗi.

Sai kawai ya ce, "Kin gan ta?"

"A'a. Muryarta na ji."

"Yaya muryar?"

"Lafiya lau. Kamar da."

Ya gyaɗa kai. Na ɗauki miyar na ɗumama, na sake ajiye masa. Ya sha cokali biyu ya ture.

Shekara huɗu ke nan yanzu. An sake buɗe lambun, an ce layin bai ragu sosai ba. Tokuji ya kai saba'in da ɗaya, likita ya ce bai ga wata cuta a jikinsa ba, amma nauyinsa sai raguwa yake. Daga gidan Miyasaka ba mu sake jin komai ba, kuma babu ɗan sandan da ya zo nemana.