Ghazali da Yanyawar Wadi Hanifa

A sanyin shekarar 1995 likita ya ce wa Ghazali jininsa ya hau, ya rage tunani. Ghazali ma'aikaci ne a ofishin jakadancin Najeriya a Riyadh, mutumin da ko shayi yake sha hankalinsa na kan aikin gobe. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara: ya shiga cikin itatuwa, ya bi sawun dabba a hankali, ya zauna shiru yana sauraron numfashinsa.

Ranar Alhamis da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ya ɗauki matarsa Zaituna suka gangara kwarin Wadi Hanifa ta ƙasan garin Dir'iyya. Ya sha farwa, rigar sanyin Larabawa mai gashi a ciki, ya rataya ledar gasasshiyar kaza.

A laka, tsakanin dabinai da bagaruwa, ya ga ƙananan sawu.

"Yanyawa ce," ya ce, da muryar wanda ya gaji farauta, alhali ko ɓera bai taɓa kamawa ba.

"To, Baban Aliya," in ji Zaituna.

Ya bi sawun a sunkuye har bayansa ya ƙage. Ya ce yanzu lokacin natsuwa ne. Zaituna ta koma can nesa ta zauna a kan dutse. Shi kuwa ya jingina da kututturen dabino, ya ajiye ledar a gefe, ya rufe ido. Ya ja numfashi, sai tayar motarsa ta faɗo masa a rai. Ya sake ja, ya tuna takardar da bai sa wa hannu ba. Farwar ta yi ɗumi, tsuntsaye suna ta ƙananan kuka, ya ji wata irin kwanciyar hankali ta sauko masa. Ya ce a ransa, ashe abin ba wuya, ashe yana da baiwa.

Zaituna ce ta tashe shi, rana ta yi sama.

"Ta zo fa."

"Wa?"

"Yanyawar. Ta tsaya tana kallonka kana minshari. Kunnuwanta manya, jelarta ta kusa tsawon jikinta."

"Ba barci nake ba," ya ce, sannan ya duba ƙasa. Ga sawun nan sabo fil, ya zo daga cikin ciyawa, ya zagaye takalminsa, ya tsaya inda ledar take. Daga nan sai alamar jan leda a laka har cikin ƙaya.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Har ƙaramin farcenta ya fito sarai. Dariya ta kama shi, ya yi ta yi har da tari.

"Me ya sa ba ki tashe ni ba?"

"Da na yi motsi, da ta gudu. Kai ma rabonka da irin wannan barci tun azumi."

A mota ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ranar Asabar da aka koma aiki, kafin a kawo shayi, shi da bakinsa ya ba duk ofis labari.