Ranar Pavlova a Garin Masu Tumaki

Shekara talatin da takwas Noeline Tuckwell tana koya wa 'yan mata rawar bale, rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa, a zauren gari duk ranar Laraba, kuma duk tsawon shekarun nan kallon gidadawa take yi wa mutanen garin. Me suka sani ban da tumaki da ƙwallon zari-ruga? Yanzu ɗalibanta sun ragu zuwa huɗu, kwamitin zaure kuma yana shirin ƙwace Larabar. In Laraba ta tafi, rawa ta mutu a garin ke nan, ita ma ba ta da sauran abin yi a duniya.

Ta je gaban kwamitin tana hura hanci.

"Dama ɗaya nake so. Zan shirya Ranar Pavlova. In zaure bai cika ba, ku riƙe Larabarku."

Shugaban kwamiti, Merv Dunnage, wanda ya shigo taro da kashin tumaki a takalminsa, ya buga tebur.

"Pavlova? Haba Malama, ai da tuntuni kika faɗa! Wa zai ƙi zuwa?"

Ta fita tana mamaki, ashe jahilci ma yana da iyaka.

Mako shida tana gasa wa yaran nan huɗu aya a hannu, su tsaya kan yatsun ƙafa har su yi kuka. Ranar Asabar ɗin taron da la'asar ta iske motoci jere har bakin coci. Zuciyarta ta yi fari tas.

Tana shiga ta daskare. A kan daɓen katakon da ta goge da hannunta an jera tebura, a kansu pavlova ashirin da uku: farin ƙwai da sukari an gasa, an lafta kirim, an yanka 'ya'yan itacen kiwi a sama. Mata na ta cacar baki kan yadda 'yan Ostireliya suka sace musu girki. 'Yan matanta kuwa, cikin fararen rigunan rawa, an miƙa musu faranti suna rabo.

"Pavlova mutum ce!" ta daka tsawa. "Mace ce, 'yar rawa da duniya ba ta sake ganin irinta ba! Sunanta kuka liƙa wa wannan kumfar ƙwan, ku dabbobi!"

Merv ya lashe kirim daga gashin bakinsa.

"To, baiwar Allah ta iya girki kuwa. Af, Malama, kin ga zaure ya cika, amma ba rawa ta cika shi ba. Mata sun nemi Laraba don koyon gasa pavlova, mun ba su."

Sai Raewyn Haskett, tsohuwar ɗalibarta, ta ɗago daga wurin yanka pavlova, wuƙa a hannu.

"Malama, shekara takwas na yi a ajinki. Hoton matar nan yana manne a bango. Ran da na tambaye ki wace ce, cewa kika yi ina ruwan 'yar makiyayi, in kula da manyan ƙafafuna. Sai yau na ji."

Noeline ta juya ga matan. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabin matan nan ta hannunta suka wuce, tana neman ko mutum ɗaya da ya san sunan don rawa. Babu. Kuma garin bai taɓa yin wata malamar rawa ba sai ita.