Sunaye a Ƙofar Sansani

Tun da mutanen Konduga suka gudo cikin gari, ajin Malama Suwaiba a unguwar Mairi ya cika ya batse. Yara tamanin da ɗoriya, wasu a benci, wasu a tabarma. Ita kuwa Suwaiba Bakanuwa ce mai murya, kuma hanyarta ɗaya ce: ta karanta layi, yara su amsa har rufin kwano ya ɗauka. Gwanar ajin ita ce Fanna, 'yar shekara tara. Buɗe mata kowane shafi, sai ta zubo shi tiryan-tiryan.

Wata Litinin bayan an tashi, sai ga wata tsohuwa a bakin aji riƙe da hannun Fanna. Kakarta ce, sunanta Ya Gumsu.

"Malama, ke kika ce yarinyar nan ta iya karatu?"

"Ni ce, Iya. Ai ta fi kowa."

"To, ba ta iya ba."

Tsohuwa ta zauna ta yi bayani da Hausarta mai gauraye da Kanuri. Ɗanta Ajimi, uban Fanna, ya ɓace ranar da aka tarwatsa ƙauyensu, shekara biyu ke nan. Duk sa'ad da aka kawo waɗanda suka kuɓuto daga daji, akan manna sunayensu a ƙofar sansanin 'yan gudun hijira. Jiya ta kai Fanna gaban takardar, yarinya ta tsaya ƙiƙam, ko harafi ɗaya bai fito daga bakinta ba.

"Ayya, Iya, ai da kin zo ni na duba miki."

"A'a. Masu boko nawa suka duba min? Su kalla, su ce babu, su wuce. Ba su san shi ba, ta yaya idonsu ba zai tsallake shi ba? 'Yarsa nake so ta duba."

Suwaiba ta ɗauki alli ta rubuta "tukunya", kalmar da ba ta cikin littafinsu. Fanna ta kalli allo, ta kalli ƙasa, ta kasa karanta ta. Ashe hadda take yi, kamar yadda ta saba a makarantar allo: kunne ya ji, baki ya riƙe, hoton shafi ya tuna mata daga ina za ta ɗauko. Wallahi kunya ta kama Suwaiba har cikin ƙashinta. Shekara goma sha biyu tana koyarwa, tana ta murna da amon aji!

Washegari ta kulle littattafai a kabad, ta fitar da yara ƙarƙashin darbejiya. Kowa ya share ƙasar gabansa, ya zana harafi a yashi da yatsa.

"Ba sunansa na tambaye ku ba," in ji ta. "Me yake cewa?"

Daga nan aka shiga haɗawa, wannan sauti da wancan, kullum tana birkita jerin don kada wani mai wayo ya mayar mata da shi waƙa. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malama, ajinki ya mutu ne? Ba na jin komai." Ta ce masa lafiyarsa lau. Fanna kuwa, da ta saba zama ta ɗaya, ta koma bin ayari a baya, har kuka ta yi sau biyu. Suwaiba ba ta sassauta mata ba, sai dai takan zauna kusa da ita a yashin.

Bayan wata uku, wata Asabar da hantsi, aka manna sabuwar takarda. Su uku suka tafi a Keke Napep. Sunaye sittin da huɗu ne. Fanna ta yi ɗage, ta ɗora yatsa a na farko, ta fara fitar da shi gaɓa-gaɓa, da ƙarfi. Mata suka taru a bayanta suna saurare, ba wadda ta ce ta yi sauri. Tuni idon Suwaiba ya kai ƙarshen takardar, amma ta bar yarinya ta ƙarasa da kanta.

Yatsa ya sauko har layin ƙarshe. Fanna ta juyo.

"Kaka, babu Baba."

"Kin duba kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

Ya Gumsu ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta share fuska da gefen lafayarta.

"To. Yau na yarda ba ya ciki." Ta kama hannun jikarta, ta dubi Suwaiba. "Allah ya saka, Malama. In an manna wata, ba sai kin zo ba."