Kwazazzabon da Ya Ce Sai Na Tsuguna

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini. Ba al'adata ba ce ba da labarin mafarki, amma wannan zan faɗa.

Na gan ni a ƙofar wani gandun daji cikin hamada, da sandata da gorar ruwa. Ƙofa ce kawai a tsaye, babu katanga hagu ko dama. Duk da haka ta ƙofar na shiga, don ni ba ɓarawo ba ne.

Ma'aikacin wurin ragon dutse ne sanye da kaki. Ya ce in saki jiki, nan ba irin gandun da ake turereniya ba ne, a shekara tara ni ne baƙo na biyu. Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Na tambaye shi wane ne na farkon. Ya nuna gindin wata aduwa, sai ga Nomau zaune yana ɓare gyaɗa.

Nomau maƙwabcina ne. Na girme shi da kwana arba'in, shekara saba'in da takwas ke nan yana musu.

"Ƙanena, sai yanzu?" in ji shi.

Ragon ya karanta mana doka, guda ɗaya ce. Za mu ratsa kwazazzabo a ƙafa mu fita ta ɗaya bakin kafin faɗuwar rana. Wanda rana ta faɗi yana ciki, za a rubuta shi cikin dabbobin gandun. Ya ce dama akwai gurbi, kunkurunsu ya yi ritaya.

Sai ga mu a ciki. Bango ja hagu da dama, sama ta koma kamar zare. Sawunmu yana gaba, mu muna bin sa. Wani rafi yana hawa bango, kifaye na haki a bayansa. Motar jiminu ta tsaya kallonmu, uwar ta hana 'ya'yanta ba mu abinci. Nomau ya gyara hula aka ɗauke shi hoto. Ni na juya baya.

Amsa-kuwwar wurin tana riga mutum magana. Na ji muryata daga dutse tana cewa na gaji. Na ce ƙarya ne.

Da la'asar hanya ta ƙare. Bangon biyu sun haɗe, saura 'yar tsaga da hannu kaɗai zai shiga. Kwazazzabon ya yi gyaran murya, ya ce ba ya buɗewa sai an gaishe shi yadda ake gaida manya: a cire takalmi, a tsuguna.

Na ce tun rasuwar Kawu Tanko, shekara talatin da ɗaya, ban tsuguna wa kowa ba. A unguwarmu ni ake tsuguna wa. Na tambayi kwazazzabon shekarunsa. Ya ce ya daina ƙirga tun da teku ta tashi daga nan. Na ce ya kawo shaida.

Nomau kuwa tuni ya zube. Ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da ƙananan duwatsu. Bango ya buɗe, ya wuce, bango ya rufe. Sai ga idonsa ɗaya a tsagar.

"Ina nan ina jira," in ji shi. "Majalisar unguwarmu za ta ji yadda aka yi."

Rana ta fara saukowa ta tsani, mataki bayan mataki, tana tattare bakin zanenta. Ragon ya iso da allo da fenti. Ya tambayi abin da nake ci da lokacin da nake fitowa. Ya rubuta: Tsoho, ba ya cizo sai an yi masa magana.

Na nemi a daidaita. Na ce zan gaishe shi a tsaye, ya ƙi. Na ce zan ɗan rusuna, ya ƙi. Na ce to Nomau ya juya baya. Ragon ya ce baƙo yana da 'yancin kallon duk abin da ke cikin gandu.

Saura mataki uku rana ta taɓa ƙasa. Na cire takalmi. Na tsuguna. Na yi gaisuwa a hankali.

"Ɗaga murya, yaro," in ji kwazazzabon. "Kunnena ya yi nauyi."

Na maimaita da ƙarfi. Duwatsu suka ɗauka suna miƙa wa juna har bakin ƙofa. Bango ya buɗe, ga fili, ga dabino, taku biyar kawai.

Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ƙi. Na dafa sanda, sandar ma ta tsuguna. Saura mataki ɗaya.

Nomau ya matso ya miƙo hannu, amma bai kai gare ni ba.

"Ce Yaya, in ɗaga ka."

Na dubi hannun. Na dubi rana. Na juya wajen ragon na ce ya kafa allon a inda inuwa take, kuma ya gaya wa jiminu ba na karɓar baƙi kafin hantsi.

Ragon ya ɗaga guduma ke nan, injin markaɗen bayan gida ya tashi, na farka.